Kwanon da Aka Ware Mini

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na ga kuna ta dariyar hoton yaron nan da tuwonsa ya huce a gabansa yana buga gem a waya. Ni ma na yi dariya, sai kuma na ji idona ya cika. Akwai maganar da na rufe tun ina ɗan makaranta, ko 'ya'yana ba su san ta ba. Yau zan faɗe ta.

Lokacin da kuɗin mai suka cika ƙasa, ƙanen mahaifina, Baba Alhaji, ya dawo daga Makka da talabijin da janareto da wani ɗan akwati mai igiya biyu. In an jona shi, sai ga sanduna biyu farare a gilashin talabijin, ɗigo yana kai da komo tsakaninsu. Wasan mutum biyu ne: ka murza maɓallin da ke bakin igiyar a hannunka, sandarka ta motsa a can ciki ta tare ɗigon. Wallahi har daga Ketare mutane ke zuwa Ƙanƙara kallo.

Baba Alhaji bai taɓa yarda an ci shi ba. Kullum sai ya ce, "Injin ne ya yi sanyi." Yadda dai yaranku ke cewa sabis ne ya ɗauke.

Ni kuwa ba mai iya ja da ni. Har ta kai ko na rufe ido ɗigon nan nake gani. Ina sallah yana wucewa, ina noma yana wucewa.

Wata Juma'a hoton ya kama rawa yana walƙiya, na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin. Iyakar abin da na sani ke nan. Na farka a ƙasa, harshe a fashe, wando a jiƙe, jama'a sun ja da baya suna kallona.

Farfaɗiya.

A wurinmu an yarda ana ɗaukarta ta yawu. Kakarmu Iya, wadda ke ɓoye mini ƙuli-ƙuli, ita ce da hawayenta ta ware mini kwano da moɗa. 'Yan uwana suna kokawar loma a akushi ɗaya, ni ina bayan rumbu ni kaɗai. Ciwon bai ci ni kamar kwanon nan ba.

An yi hayaƙi, an sha rubutu, aka kulle akwatin aka ce aljanu ne a ciki. Na sake faɗuwa a kasuwa. Tsoro ya kama ni, na zaci haka zan ƙare.

Baba Alhaji ya sayar da bijiminsa ya kai ni Funtuwa, daga nan aka tura mu Zariya. Layi tun safe, ɗibar jini, jira a kan benci. Sai aka shigar da ni wani ɗaki aka manna mini wayoyi a kai. Ga na'ura gefe, allurai suna zane a kan doguwar takarda ba hannun kowa. Aka kunna mini fitila mai ƙyaftawa, sai alluran suka rikice.

Likita ya ce, "Alhaji, matso ka gani. Ƙwaƙwalwarsa ce ke rubutu. Walƙiyar haske ce ba ta jurewa."

Subhanallahi! Na tsaya ina kallon abin da ke cikin kaina a shimfiɗe a takarda. Akwatin Makka da ya rikita gari, ashe wasan yara ne kusa da abin da Allah Ya ajiye a kan kowannenmu. Har yau in na tuna, tsikar jikina tashi take.

Baba Alhaji ya tambaya a hankali, "Likita, ana ɗauka?"

Sai likitan ya miƙa hannu. Ya ɗauki kofin da na sha magani da shi, ya shanye sauran ruwan.

Ranar da muka dawo, na ɗauki kwanona na nufi bayan rumbu. Sai ga Baba Alhaji ya wanke hannu, ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, ya tsoma hannu a tuwona.

Iya ta ce, "Alhaji, mi kake yi haka?"

Ya ce, "Iya, da idona na ga likita ya sha."

Yayana Sule ya tsaya kallo, can ya taho ya zauna, ya sure naman da ke gabana ya ce, "Gwanin gem, yau na ci ka." Da kuka na ci tuwon nan.

Na yi shekara da shekaru ina shan ƙwaya, har likita da kansa ya ce in daina. Ban sake faɗuwa ba. Alhamdulillah. Allah Ya jiƙan Baba Alhaji da Iya, Ya saka wa likitan nan da ban riƙe ko sunansa ba.

Ban ce ku hana yara gem ba. Su riƙa hutawa, kada su manna ido a gilashi, kada su buga a ɗaki mai duhu. Wanda ya faɗi, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa masa cokali a baki, ku kai shi asibiti.

In kun dawo gida kuma, don Allah ku ci abinci tare da shi.