Fito a Gonar Gyaɗa

Da muka dawo daga dogon hutu muka shiga aji huɗu na sakandare a Minna, gyaɗar da muka shuka da damina a gonar makaranta ta isa cira. Malamin noma, wani dogo ɗan Wushishi, ya san halin ɗalibai da ɗanyar gyaɗa, sai ya kafa doka: duk mai tsinka ya riƙa fito har a tashi. Bakin da ke fito, in ji shi, ba ya tauna.

Ni kuwa a gidanmu kakata ta hana fito, wai yana kiran aljanu, don haka ban taɓa koya ba. Na tsuke baki ina ta hurawa, iska kawai ke fita. Nan da nan Malam ya iso kaina.

"Kai, buɗe bakinka in gani."

Na buɗe, babu komai, amma bai yarda ba. A kaina ya tsaya har aka tashi, yana duba bakina kamar mai sayen akuya. Abokina da ke gefena kuwa fitonsa kamar sarewa, har Malam ya ce in yi koyi da shi.

A hanyar gida na ga abokin yana ɗingishi. Ya zauna gindin mangwaro ya tuɓe safa, sai ga gyaɗa tana zubowa. Ya miƙo min rabi.

"Karɓi rabonka, ai kai ka riƙe mana Malam."

Na harare shi, na shaƙi warin safar, sannan na karɓa. Ai gyaɗa da ɓawonta take.