Raken da Na Hana Hinde

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ɗiyata Hinde. Ni da aji uku na firamare ya gagara, wai yau ni ne da rubutu a jarida. Da tana nan da ta tambayi wa ya ara mani biro.

Ranar da aka gano ciwon sukarinta, likita a Katsina ya zaunar da mu. Ya ce jiki yana da masu gadinsa. Akwai wani abu da jiki ke fitarwa in ya sha zafi ko wuya, mai kama da na ƙwayar cuta. Ana zaton shi masu gadin suka gani suka ce maƙiyi ne, suka auka wa wurin da ke daidaita sukari. Na ce, "Likita, wato 'yan sa-kai gare ta a ciki?" Ya yi dariya, ya ci gaba da bayani. Ni kuwa kalma guda na ƙulle na taho da ita gida: sukari.

Hinde da son rake, har Gara nake ce mata, don yadda take cinye shi. Daga ranar na zama dogarin rake.

Da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na Batsari, muka raɓe a Safana. Ruwan allurar da take yi ta rage sukari na cikin randa don sanyi, tuwo kuwa sai ranar da ya samu. Wata safiya ta yi allura alhali cikinta babu komai. Da hantsi ta hau makyarkyata, zufa na zuba.

"Baba, samo mani rake, ko gaɓa guda."

"Ke Gara, ke da rake sai a Aljanna."

"Wallahi Baba, likita ya ce..."

"Ai da ni aka yi zaman."

Kafin azahar ta daina magana. A asibiti ma'aikaciya ta dube ni ta ce, "Baba, ba ku ba ta wani abu mai zaƙi ba? Sukarin ne ya faɗi ƙasa."

Yau gonarmu tana nan ba mai zuwa, allurar ma ta fi ƙarfin talaka. Ban san me Hinde za ta ce ba. Wataƙila ta ce gara ita, ta huta.

Randar tana nan, ban bari an sha ruwanta ba. Masu gadin cikinta dai ba su da kunne. Ni ina da biyu, kuma da bakinta ta roƙe ni. Allah Ya jiƙan Hinde, Ya ba ta raken inda na tura ta.