Gatarin Aradun Gwaggo Rahab

Gwaggo Rahab ƙanwar mahaifina ce, manomiya a Ƙarfi. Mijinta ya rasu da wuri, ba ta kuma haihu ba, sai ta mai da 'ya'yan dangi nata. Ba ta fashin coci, amma a jinkar ɗakinta tana ajiye da wani baƙin dutse mai santsi, mai kaifi a gefe guda, wanda garma ta tono a gonarta ta auduga. Gatarin aradu ake ce masa, wai tsawa ke jefo shi. In yaro ya yi zazzaɓi, sai ta goga shi a dutsen niƙa da ɗan ruwa, ta shafa masa a goshi, ta yi addu'a.

A 1978 ina koyar da tarihi a Funtua, ban daɗe da gama jami'a ba. Na san ba tsawa ta yi dutsen ba. Mutanen farko ne suka wasa shi, suka yi masa ƙota, suna sare itace da shi tun ba a san ƙarfe ba. Wasu masu bincike a Zariya suna neman irinsa. Sukan tambayi inda aka same shi, da zurfin ƙasar, da ko akwai gawayi ko fasassun tukwane a kusa, domin da su ake gane zamanin mutanen da yadda suka rayu.

Na ce, "Gwaggo, ara mini shi a duba."

Ta yi dariya. "Su masu dubawar, ba a tsawa a garinsu ne?"

Duk da haka ta naɗe shi a tsumma, har ta kai ni gonar ta nuna mini kunyar da ya fito. Na kai shi Zariya na bar musu.

Da bazara sanƙarau ya shigo. Ya kama 'yata Mairamu, tana da shekara biyar. Mun kai ta asibiti. Gwaggo ta biyo mu a motar kasuwa, ta zauna bakin gadon, hannuwanta a cinya. Mairamu ba ta tashi ba.

Bayan jana'iza ta ce mini, "Sulemanu, ni na ba da dutsen nan. Da hannuna."

Na gaya mata abin da likita ya faɗa, cewa dutse ba ya maganin sanƙarau.

Ta ce, "Ban ce yana warkarwa ba. Amma duk yaran gidan nan na shafa musu. Ita kaɗai ce ban shafa wa ba."

Na je Zariya na karɓo shi. Sun riga sun auna shi, sun zana shi. Na faɗa mata sun ce manoma ne irinta suka yi shi, ko za ta ji sanyi. Ta saurara har na gama, ba ta miƙo hannu ba.

"Ajiye wurinka," ta ce.

Ta ci gaba da noma, tana kai wa marasa lafiya kunu, amma daga bakin ƙofa take miƙawa. Har ta rasu a 1986 ban sake ganin ta taɓa goshin yaro ba. Ni na roƙi dutsen, ita ta ɗauki nauyinsa. Yana akwatina, cikin tsumman da ta naɗe shi.