Bencin da ke Ƙofar Ɗakin Ɓeraye

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata.

Yaya, mutane suna ta cewa mai haƙuri ce ke. Ba su san komai ba. Ba haƙuri kika tsaya yi da ni ba, gyara ni kika yi.

Aikinki auna bugun zuciyar ɓeraye a ɗakin gwaje-gwaje. Ni da na bar makaranta na kama kanikanci, tsofaffin littattafanki nake kwasa ina karantawa a gareji. Da na kasa gane jijiyoyin da ke juya zuciya ba da izinin mai ita ba, kika ce, "Kai bakanike, iri biyu ne. Ɗaya totur, ɗaya birki. Tsoro ko fushi ya taka totur, natsuwa ta taka birki. Naka birkin ne dai ban san wanda ya sace ba."

Shi ya sa kika ajiye benci a ƙofar ɗakin ɓerayen. Duk wanda zai shiga, komai girmansa, sai ya zauna numfashinsa ya daidaita, domin hayaniya da garaje suna firgita su, awon ya lalace. Ranar da na zo miki ina huci bayan na yi faɗa da maigidana a gareji, a nan kika zaunar da ni, kika riƙe wuyan hannuna. Ba ki sake ni ba sai da bugun jinina ya sauka.

Jiya aka gaya mini sabon shugaban sashenku ya ce a ɗauke bencin, wai ya tare hanya. Ko makoki ba mu tashi ba! Na tafi da baƙaƙen maganganu cike da bakina. Da na isa ƙofar ɗakin ɓerayen, ƙafata ta ƙi wuce bencin. Na zauna. Na riƙe wuyan hannuna da kaina.

Da shugaban ya fito, abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, ɗan zauna." Ya zauna. Bencin yana nan, Yaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya zuciyar Inna da mijinki da 'ya'yanki. Ni kuma Ya riƙe mini birkin da kika ɗaura. Amin.