Runhun Wankan Jego

A wajenmu, tsakanin Burumburum da bakin dajin Falgore, da runhu ake wankan jego. Ɗan guntun itace ne da bai san fari ba, daji ya bushe ƙayau shi kuwa yana fure ruwan ɗorawa. Ganyensa ake tsomawa a tafasasshen ruwa ana fyaɗa wa mai jego a jiki.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari ba da wasa ba. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake. Da na zo gida haihuwa, Goggo, ƙanwar babanmu, ita ta yi mini wanka da runhun da ta karyo a bakin hanya, duk ƙura. Inna ko leƙowa ba ta yi ba. Na ce al'ada ce, na haɗiye.

Sai autarmu ta haihu. Innar nan da kullum take kukan gwiwa, ita ce ta ɗauki lauje ta nufi gindin dutse, inda runhu ya fi kyau. Ta dawo da dami a ka, ta zauna tana zaɓen ganye kamar mai tsintar shinkafa. Da hannunta ta yi wankan, tana fyaɗawa tana lallashi, wai a yi haƙuri, saura kaɗan. Ni kuwa aka bar ni da hura wuta. Wallahi na ji kishi, kishin da ban taɓa yi wa bare ba. Cikinmu ɗaya da yarinyar nan, amma ranar ko barka da ƙyar ta fito daga bakina. Goggo ta lura, ta ce mini uwar wasu ba ta kishi da jariri. Na ce ai ni ma wata ce ta haife ni.

Shekaru suka ja, tawa 'yar farin ta zo haihuwa. Goggo ta rasu, dangi suna ta shawarar wa za a kira. Sai kawai na ɗauki lauje da kaina. Matan unguwa suka yi ca, wai na zubar da kunya, wai zamani ya lalace. Na ce su yi ta faɗa, baki nasu ne.

Ina cikin wankan sai ga Inna ta dogaro sanda ta tsaya a bakin danga. Na ɗaure fuska, ina jiran faɗa. Ta daɗe tana kallon hannuna da ganyen, sannan ta ce, a hankali, ba tare da ta dube ni ba:

"Ke kam kin more. Ni naki wankan daga bayan danga na saurare shi, har aka yi arba'in."

Na tsaya da runhu a hannu, ruwa yana ta hucewa, 'yata tana tambayata me ya faru.