Ma'azu da Dashen Tafinta

In an sallame asuba, Ma'azu kan buɗe rumfarshi ta gyaran kwamfuta cikin kasuwar Bagudo, ya share, ya kurɓi koko, ya duƙa aiki. Nan furfura ta cim mai. Yanzu idanu sun gaji, ya ce aje aiki za shi yi, shi ya sa na ce a rubuta min wannan.

Wata damana, kwamfutar asibitin ƙauyenmu ta ƙone, wadda ke nuna hoton ɗa cikin ciki. Asma'u jikata na watanta, ungozoma ta lalluba ta ce kwanciyar ɗan ba ta yi mata ba. Ruwa ya cinye hanya, sai jirgi, ba a kuwa aza mai tsohon ciki bisa gulbi don zato.

Hamma direba ya samo wata kwamfuta daga ƙasar Benin. Anka zuba mata aikin hoton, wato abin da ke sa ta nuna ɗan, ta ƙi. Mata sunka ce Faransanci take ji, a nemo tafinta.

Na tai rumfar Ma'azu na gaya mai, ya yi dariya. "Inna, ba su yi ƙarya ba. Aikin ga bai magana da na'ura sai ta bakin wani tafinta, shi ko tsohon gidanshi kaɗai ya sani. Dashe zan yi mai, kamar shinkafa."

Kwana ya kwana, na koma. "Malam mai dashe, ya kama?"

"Ya kama, turmi yake nema. Wancan gidan akwai na tsakar gida da kowa ke aro. Nan babu, sai na sassaƙa."

"Kai Ma'azu, daka take yi?"

"Har surfe, Inna."

Ya haɗa, ta ƙi. Ya warware, ya sake, bai ɗaga kai ba. Ran da ta buɗe, anka duba cikin Asma'u, ga ɗan nan a gicciye. Anka sa Asma'u jirgi zuwa babban asibiti tun naƙuda ba ta taso ba, likita ya yi mata aiki, ta komo da ɗiya a goye.

Kai ne mai dashe ba laka, Ma'azu. Kai ne ba ka taɓa ce ma tsohuwa ba ta ganewa ba. Mun gode, Allah shi saka, shi bar maka sauran ganinka.

Ku ko samari masu latsa waya, ku tai ku koya tun shina iya nuna muku. Ɗiyar Asma'u ta fara tafiya, jiya ma ta kifar min da ƙwaryar nono.