Inda Ƙafa Take Zuwa

Ni ɗan fari ne, kuma a gidan Fulani irin namu na unguwar Barade a Jalingo uwa ba ta kama sunan ɗan fari. In tuwo ya sauka sai Inna ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa wancan ya zo." Alhali wancan ɗin yana zaune a gabanta, wallahi.

Shekarar da na gama makarantar horon malamai, Turawa suna nan, aka ba ni zaɓin ƙaro karatu a waje: ko Ingila ko Sudan. Baturen makarantarmu ya ce Ingila, har da nuna min hoton wani gini mai hasumiya. Baffa, mahaifina, shi ma Ingila, don ya ji waɗanda suka dawo daga can mota suke shiga. Kowa a Jalingo ya zama masanin ƙasashen waje, har wanzaminmu, wanda ko garin Iware da ke nan kusa bai taɓa wucewa ba.

Ni kuwa bakin Inna nake jira. Ba na son in tafi ban san abin da ke ranta ba. Kullum sai in raɓa wajen murhu, ita kuma ta kawar da kai. Haushi ya ishe ni. Haba! Ɗa zai bar ƙasa, kunya ta hana a ce masa uffan?

Wata safiya tana tatsar saniyarta, ina tsaye a bayanta, sai na ji tana yi wa saniyar magana. "Ingilan nan," in ji ta, "ƙafa tana zuwa? Sudan dai na ji ta can masu zuwa Makka suke bi."

Shi ke nan, na zaɓi Sudan. Bature ya ce na yi wauta, Baffa ya ɗaure fuska har ranar tafiya. Inna ko rakiya ba ta yi min ba. Na hau mota raina a ɓace, ina cewa ƙila da saniyarta kawai take hira.

Ina shekara ta biyu a can aka ce ina da baƙo a ƙofar makaranta. Wani dattijo ne makiyayi mai tafiya hajji a ƙafa, ƙafafunsa duk faso, ban taɓa ganinsa ba. Ya miƙo min ɗan gora cike da man shanu.

Na ce, "Baba, yaya aka yi ka same ni?"

Ya ce, "Wata mata ce ta tare ni a kasuwar Jalingo, ta ba ni goran nan in kawo wa ɗanta. Na ce mata, ƙasar mutane ce, in na je wa zan ce ina nema? Ta daɗe tana duban ƙasa. Can ta ja mayafi ta rufe baki, ta faɗi sunanka."

Na roƙe shi ya maimaita min yadda ta faɗa. Ya yi dariya, ya kwaikwayi muryarta ƙasa-ƙasa. Nan bakin ƙofa na tsuguna rungume da goran, na yi kuka ba kunya.

Ranar da na dawo gida, Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta juya wajen ƙanwata. "Ki ba wancan ruwa," ta ce, "ya sha hanya."